SHARHI: Baƙin hayaƙi a siyasar Amurka, da lissafin da za a bar wa masu shaƙa

A watan Janairun 2026, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar da wata gajeriyar sanarwa da ba ta ja hankalin duniya ba, amma ta faranta ran masu garejin dizal a faɗin ƙasar. Ma'aikatar ta ce ta daina gurfanar da mutane kan tuhumar da ke iya kai su kurkuku saboda sun taɓa kwamfutar da ke sa ido kan hayaƙin mota. Tarar kuɗi tana nan, in ji ta, amma ɗauri ya kau.

Watanni biyu kafin haka, Shugaba Donald Trump ya yi wa Troy Lake afuwa. Lake makanike ne daga jihar Wyoming, wanda ya amsa laifin haɗa baki wajen karya Dokar Tsaftar Iska, bayan kamfaninsa ya kashe na'urorin sa ido kan hayaƙi a manyan motoci aƙalla 344 tsakanin 2017 da 2020. A watan Disamban 2024 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da kwana ɗaya. Sanata Cynthia Lummis ta Wyoming ce ta tsaya kai da fata har aka yafe masa, kuma ta gabatar da ƙudirin da ke neman a hana gwamnatin tarayya hukunta masu irin wannan aiki gaba ɗaya.

Ana gabatar da wannan sauyi a matsayin nasarar talaka mai sana'a a kan ma'aikatan gwamnati masu zama a ofis. Akwai gaskiya a kukan masu motocin, kuma ba ƙarama ba ce. Sai dai hanyar da aka zaɓa don share musu hawaye ta bar matsalar injin a inda take, ta kuma mayar da asarar kan mutanen da ba su da akori-kura, ba su kuma da ta cewa a kan iskar da suke shaƙa.

Yadda injin yake numfashi

Motocin da ake magana a kansu sun fi Hilux da aka saba gani a titunan Najeriya da Nijar girma nesa ba kusa ba. Su ne irin Ford F-250 da F-350 masu injin Power Stroke, da Ram 2500 da 3500 masu injin Cummins, da Chevrolet Silverado da GMC Sierra masu injin Duramax. Girman injinsu lita 6.6 ne ko 6.7, alhali na Hilux mai shan dizal bai wuce lita 2.4 ko 2.8 ba a sababbin samfura. Da su manoma da makiyaya da 'yan kwangila suke jan tirelar shanu da tarakta da kayan gini.

Ƙarfin irin wannan inji ya dogara ne da yawan iskar da za a iya cusa masa, domin mai ba ya ƙonewa sai da iska. Wannan shi ne aikin turbo. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya wata farfela da gudun da ya haura zagaye dubu ɗari a minti guda, ita kuma tana juya wata farfelar da ke matse iskar waje tana tura ta cikin silinda. Idan mota tana jan kaya a hawan tudu, matsin iskar da ke shiga injin yana iya kaiwa ninki biyu zuwa uku na iskar sarari.

A tsofaffin injuna, wani ɗan bawul ne kawai ke hana matsin wuce kima: idan ya kai iyaka sai ya buɗe, wani kaso na hayaƙin ya kauce wa farfelar. Injunan zamani kuwa suna da turbo mai fikafikan ƙarfe a ciki, waɗanda ke buɗewa da tsukewa bisa umarnin kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Idan fikafikan suka tsuke, hayaƙi yana ƙara gudu, turbo ya amsa da wuri. Idan suka buɗe, matsin ya sauka. Da su ake yi wa injin birki a gangare, da su kuma ake tura wani kaso na hayaƙi ya koma cikin injin.

A nan ne maganar ƙarfi da maganar tsaftar iska suka haɗu. Turbo da nozul ɗin mai da na'urorin tace hayaƙi duk manhaja ɗaya ke tafiyar da su. Wanda ya shiga ƙwaƙwalwar mota don ƙara mata ƙarfi, hannunsa yana kan abin da ke fita ta salansa, ko ya so ko bai so ba.

Na'urori uku da injiniyoyi suka ƙara

Injin dizal yana da wata larura da ta daɗe tana wahalar da injiniyoyi. Idan mai ya ƙone da zafi mai tsanani, kunkunniya tana raguwa, amma iskar naitirojin da oksijin suna haɗuwa su samar da gubar da ake kira NOx, wadda ke fusata huhu, take kuma haifar da hazon da ke lulluɓe birane. Idan aka rage zafin, NOx ya ragu, kunkunniya ta ƙaru. An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Ƙa'idojin da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ta fara aiwatarwa daga 2007 zuwa 2010 sun tilasta a rage gubobin biyu da kusan kashi 90 cikin 100. Kafin nan, a 2006, an rage farar wuta da ke cikin dizal na hanya daga kashi 500 cikin miliyan zuwa 15, domin farar wuta tana lalata na'urorin tacewa.

Na'ura ta farko, EGR, tana mayar da wani kaso na hayaƙi cikin silinda bayan an sanyaya shi, don a rage zafin ƙonewa. Ta biyu, DPF, matata ce ta yumɓu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wadda ke kama kunkunniya. Idan ta cika, kwamfuta tana ƙara mai don a ɗaga zafin hayaƙin zuwa wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, kunkunniyar ta ƙone ta zama toka. Ta uku, SCR, tana fesa wani ruwa mai suna DEF cikin hayaƙin. Ruwan haɗi ne na yuriya kashi 32.5 cikin 100 da tataccen ruwa, yuriyar nan da manomi ya sani a buhun taki, sai dai an tace ta sosai. Zafi yana mayar da ita amoniya, amoniyar kuma ta rikiɗa NOx ya koma naitirojin da tururin ruwa.

Idan na'urorin uku suna aiki yadda aka tsara, akori-kura mai injin lita 6.7 tana tafiya ba tare da an ga hayaƙi a bayanta ba. Wannan ci gaba ne na gaske ga lafiyar jama'a, musamman tunda a 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Kukan masu mota

Amma na'urorin ba koyaushe suke aiki yadda aka tsara ba, musamman a shekarun farko. Hayaƙin da EGR ke mayarwa yana ɗauke da kunkunniya, wadda ke taruwa a bututun iska da fikafikan turbo har su maƙale. Matatar DPF tana bukatar doguwar tafiya don ta ƙone abin da ta tara. Motar da ke yini a gona tana aiki a tsaye ko tana gajerun zirga-zirga sai ta toshe. Ƙona kunkunniyar yana cin mai. Ruwan DEF yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 11 ƙasa da sifili, abin da ba baƙo ba ne a hunturun Wyoming ko Montana ko Alaska. Gyaran kowanne daga cikin waɗannan yana iya cin dubban daloli bayan garanti ya ƙare.

Abin da ya fi ƙona wa masu mota rai shi ne hukuncin da aka gina a cikin manhajar. Don kada direbobi su ƙi zuba DEF, an tsara cewa idan ruwan ya ƙare, kwamfuta za ta rage wa motar ƙarfi mataki-mataki, har ta kai ba ta wuce mil biyar a awa, wato wajen kilomita takwas. Matsalar ita ce kwamfuta ba ta iya bambance direban da ya ƙi zuba ruwa da direban da wata 'yar na'urar awo ta lalace masa. Makiyayin da ke jan tirelar dabbobi a daji, nesa da gari, yana iya wayar gari da motar da ba ta fi mai tafiya a ƙasa sauri ba, alhali tankinsa cike yake.

Duk wanda abincinsa ya dogara da mota ya san abin da kwana uku a gareji ke nufi. Saboda haka kasuwa ta buɗe. Makanike zai cire matatar ya sa bututu miƙaƙƙe, ya toshe hanyar EGR, sannan ya sauya manhajar don kada kwamfuta ta gane an cire komai. Turawa suna ce wa wannan aiki "delete", wato gogewa. Sau da yawa a zama ɗaya ake ƙara wa injin mai da matsin turbo, mai mota ya tafi da ƙarin ƙarfi. Ƙarin ƙarfin yana da nasa farashi: zafin hayaƙi yana hawa, gasket ɗin kan inji yana iya fashewa, giya tana shan wahala, garantin kamfani kuma ya faɗi. Masu yi sun san da haka, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Lissafin da ba ya cikin rasit

Akwai wani farashin da mai mota ba ya gani a rasit ɗin makanike. A watan Nuwamban 2020, sashen EPA mai kula da aiwatar da dokokin iska ya fitar da wani rahoto da ya ƙiyasta cewa an cire na'urorin tace hayaƙi daga akori-kurar dizal sama da 550,000 a cikin shekara goma, wato kusan kashi 15 cikin 100 na irin waɗannan motoci da aka ƙera da na'urorin. Rahoton ya ce a tsawon rayuwarsu, motocin za su fitar da ƙarin NOx da ya haura tan 570,000 da ƙarin ƙurar kunkunniya tan 5,000. Hakan, a cewar hukumar, daidai yake da a ƙara akori-kura sama da miliyan tara masu cikakkun na'urori a kan titunan ƙasar.

Idan aka raba, mota ɗaya da aka goge tana gurɓata iska kamar motoci goma sha shida. Mai ita ya tsira da kuɗin gyara, ya kuma sami ƙarfi. Ragowar lissafin yana tafiya ne zuwa ga yaro mai asma da ke zaune a bakin babbar hanya, da dattijo mai ciwon zuciya, da ma'aikacin da ke yini a inda motocin ke ɗumama inji. Ba wanda ya nemi amincewarsu, kuma ba su da hanyar da za su gane wace mota ce ta jawo musu tari.

Wannan ne ya sa dokar ba ta ɗauki salansa a matsayin harkar mai mota shi kaɗai ba. Dokar Tsaftar Iska, wadda aka kafa a kan tsarinta na yanzu a 1970 zamanin Shugaba Richard Nixon, ɗan jam'iyyar Republican, ta haramta cire na'urorin, ta kuma haramta ƙera ko sayar da kayan da ake kashe su da su. Daga 2020 zuwa 2023 EPA ta sanya yaƙi da wannan kasuwa cikin manyan ayyukanta na ƙasa, inda ta kammala ƙararraki 172 na tarar kuɗi da suka kai dala miliyan 55.5, da shari'o'in laifi 17. Girman kasuwar ya fito fili a 2023, lokacin da gwamnati ta kai kamfanin eBay ƙara bisa zargin an sayar da irin waɗannan kayayyaki sama da 343,000 ta dandalinsa. Kotu ta kori ƙarar a 2024.

Ja da baya bai fara da Trump ba. A 2023, ƙarƙashin Shugaba Joe Biden, EPA ta cire batun daga jerin manyan ayyukanta, ta mayar da shi cikin aikin yau da kullum.

Akwai kuma wata hujja ta shari'a da masu kare makanikai ke riƙe da ita. Sashen dokar da ya haramta taɓa na'urorin mota tarar kuɗi kawai ya tanada. Masu gabatar da ƙara sun dogara ne da wani sashe daban, wanda ya tanadi ɗauri ga wanda ya lalata na'urar sa ido da doka ta wajabta, suka ce kwamfutar mota ma tana cikin wannan rukuni. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun daɗe suna cewa an rubuta sashen ne don masana'antu da tashoshin lantarki. Wannan tambaya ce da ta dace manyan kotuna ko majalisa su warware. Ma'aikatar Shari'a ta warware ta da sanarwa.

Manya ma sun yi

Masu garejin suna da wata tambaya mai nauyi: me ya sa za a ɗaure ƙaramin makanike, alhali manyan kamfanoni sun aikata abin da ya fi nasa, suka biya kuɗi suka wuce?

Tarihi yana ba su hujja. A 1998 kamfanonin ƙera injin dizal bakwai, ciki har da Caterpillar da Cummins da Detroit Diesel da Volvo, sun sasanta da gwamnati kan zargin sa manhajar da ke nuna tsafta a wurin gwaji ta kuma saki guba a kan babbar hanya. Tarar ta kai dala miliyan 83.4. A watan Satumban 2015 aka bankaɗo Volkswagen, bayan masu bincike na Jami'ar West Virginia sun auna hayaƙin motocinsa a kan titi: motoci miliyan 11 a duniya, kusan 590,000 daga ciki a Amurka, wasu suna fitar da NOx har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa laifi a 2017, an kuma ɗaure wani jami'insa, Oliver Schmidt, shekara bakwai.

Misalin da ya fi kusa da wannan batu shi ne na Cummins. A ƙarshen 2023 kamfanin ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675, mafi girma da aka taɓa ci a ƙarƙashin dokar, kan zargin sa manhajar zamba a injunan Ram 2500 da 3500 kimanin 630,000 na shekarun 2013 zuwa 2019, da wasu dabarun manhaja da ba a bayyana ba a ƙarin motoci 330,000. Cummins bai amsa laifi ba. Waɗannan su ne motocin da ake hukunta makanikai saboda sun taɓa su.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma darasin da ya dace a ɗauka daga rashin daidaito shi ne a tsananta wa babba kamar yadda aka tsananta wa ƙarami. Sassauta wa kowa yana daidaita masu laifi ne a tsakaninsu, ya bar wanda aka cuta a inda yake. Huhun da ya shaƙi NOx bai san ko daga masana'antar Cummins aka sako shi ko daga gareji a ƙauye ba.

Lokacin da hayaƙi ya zama tuta

Da a ce batun ya tsaya ga manomi da makiyayi, da sasantawa ta yi sauƙi. Sai dai wani ɓangare na masu wannan aiki ya mayar da hayaƙin alama ta siyasa. Akwai ɗabi'ar da suke kira "rolling coal": a saita injin ya sha man da ya fi ƙarfin iskar da turbo ke ba shi, direba ya taka totur ya turnuƙe masu keke ko masu motar lantarki ko masu zanga-zanga da baƙin hayaƙi, a ɗauka a bidiyo a sa a intanet. Jihar New Jersey ta haramta wannan a 2015, Colorado da Maryland suka bi sahu a 2017. A watan Satumban 2021, a ƙaramar hukumar Waller ta jihar Texas, wani matashi ɗan shekara 16 ya afka wa masu tseren keke shida da akori-kura, shaidu kuma suka ce yana ƙoƙarin fesa musu hayaƙi ne.

Talabijin ma ya taimaka. Shirin Diesel Brothers na tashar Discovery ya mayar da wasu masu gareji a jihar Utah taurari. Wata ƙungiyar likitoci ta jihar ce ta kai su kotu, ta hanyar damar da dokar ta bai wa 'yan ƙasa su shigar da ƙara da kansu, kuma a watan Maris na 2020 alƙali ya ci su tarar sama da dala 850,000. Likitocin suna da dalili: kwarin Salt Lake yana fama da hazon hunturu da ke danne gurɓatacciyar iska tsakanin duwatsu na tsawon kwanaki.

Ga ɗan siyasa, wannan fage ne mai riba. Masu akori-kura suna da ƙungiyoyi da shafukan sada zumunta da ƙuri'u a jihohin karkara, kuma kowannensu yana iya nuna rasit ɗin gyaran da ya ci masa kuɗi. Masu shaƙar hayaƙin sun fi su yawa sosai, amma a warwatse suke, cutarsu tana zuwa ne a hankali, ba ta kuma ɗauke da lambar mota. A irin wannan gasa, 'yan kaɗan masu ƙara sukan rinjayi masu yawa da ba su san an cuce su ba.

Gyara iri biyu

Gwamnatin Trump ta ɗauki matakai biyu a kan wannan batu, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba.

Na farko ya zo a watan Agustan 2025, lokacin da shugaban EPA, Lee Zeldin, ya sanar a bikin baje kolin jihar Iowa cewa hukumar ta bukaci kamfanoni su sauya manhajar motoci da injunan gona, ta yadda matsalar DEF ba za ta riƙa durƙusar da su farat ɗaya ba, a bai wa direba isasshen lokaci ya kai gareji. Wannan mataki ya nufi ainihin ƙorafin. Na'urorin tacewa suna nan, abin da aka sassauta shi ne hukuncin da ke afka wa mai gaskiya da mai laifi tare. Ana iya jayayya kan yawan lokacin da ya dace a bayar, domin idan ya yi yawa wasu za su daina zuba ruwan, amma alƙiblar mai ma'ana ce.

Na biyu shi ne afuwa da janye tuhumar laifi. Wannan bai gyara na'urar awo ko ɗaya ba, bai rage kuɗin matata ba, bai kuma tilasta wa kamfanoni su tsawaita garanti ba. Abin da ya yi shi ne rage fargabar mai sana'ar gogewa. Ga garejin da ke goge ɗaruruwan motoci, tarar kuɗi tana iya zama kamar kuɗin haya, a lissafa ta cikin farashi, musamman idan hukumar da za ta ci tarar ta nuna ba ta da sha'awa.

Masu murna ma ya kamata su yi hattara. Dokar ba ta canza ba. Sanarwar ma'aikata wata gwamnati tana iya soke ta da sanarwa irinta, kuma wa'adin shigar da irin waɗannan ƙararraki a dokar tarayya shekara biyar ne. Jihohi kamar California suna da nasu dokoki da gwajin hayaƙi. Ƙofar da likitocin Utah suka bi tana buɗe. Mai motar da aka goge yana iya samun kansa da abin hawan da ba zai iya yi wa rajista ko sayarwa a wasu jihohi ba.

Inda zancen ya taɓo Afirka ta Yamma

Motar da ta tsufa a Amurka ko Turai ba a can take mutuwa ba. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Tarayyar Turai da Amurka da Japan, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Ingancin na'urorin da motocin ke zuwa da su ya dogara da yadda ake kiyaye doka a inda suka fito.

Ko sun iso da na'urorinsu cikakku, suna tarar da wata matsalar. Matatar DPF da na'urar SCR an ƙera su ne don man da farar wutarsa ba ta wuce kashi 10 ko 15 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Switzerland ta wallafa binciken da ya gano dizal a gidajen man Afirka mai farar wuta har ninki 378 na iyakar Turai. A watan Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka amince a Wagadugu cewa daga 2021 man da za a shigo da shi kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Batun ya sake tasowa a Najeriya a 2024, lokacin da matatar Dangote da hukumar NMDPRA suka yi musayar zargi kan yawan farar wuta a dizal na gida da na waje.

Idan mai ba shi da tsafta, matata ta toshe, makanike ya cire ta, ba tare da wata muhawara kan 'yanci ba. A motocin fetur ma an san yadda ake cire abin da makanikai ke kira "indomie" daga salansa a sayar, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Abin da Amurkawa ke jayayya a kansa a majalisa, a Kano da Legas da Yamai ya zama ruwan dare, kuma 'yan talla da 'yan sandan hanya da masu Keke Napep da ke yini a cunkoso su ne ke biyan kuɗinsa da ƙirjinsu. Tsarin da Amurka ta bi a 2006 da 2007 yana da abin koyi: an fara tsaftace man, sannan aka wajabta na'urar.

Abin da za a sa wa ido

Abubuwa uku za su nuna inda aka dosa. Na ɗaya shi ne makomar ƙudirin Sanata Lummis: idan ya zama doka, haramcin kansa zai raunana, ba aiwatar da shi kaɗai ba. Na biyu shi ne ko EPA za ta ci gaba da cin tarar masu ƙera kayan gogewa da masu sayar da su, ko ita ma za ta naɗe hannu. Na uku shi ne ko kamfanonin Ford da General Motors da Cummins za su samar da na'urorin da makiyayi zai dogara da su a tsakiyar hunturu, da garantin da zai ɗauke masa nauyin gyara idan sun gaza.

Na ukun ne kaɗai zai iya rufe kasuwar gogewa daga tushe, domin wanda motarsa ba ta ba shi matsala ba ya neman wanda zai cire mata matata. Shi ne kuma ya fi tsada ga kamfanoni, ya fi ƙarancin armashi a dandalin kamfe. Kafin a kai can, akori-kura sama da rabin miliyan da EPA ta ƙidaya tun 2020 suna ci gaba da zirga-zirga, kowace da hayaƙin motoci goma sha shida a bayanta.